Neman Kuɗin Tallafin Naƙasa: Abin da Ake Aunawa da Yadda Ake Jira

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kusan kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tasiri. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006, a sashe na 28, ta ɗora wa ƙasashen da suka amince da ita nauyin tallafa musu. Sai dai kafin wannan haƙƙi ya zama kuɗi a asusu, akwai fom mai shafuka, akwai ranar tantancewa, akwai kuma jira mai cin rai. Ga tambayoyin da suka fi damun masu nema.

Wane irin kuɗi ne wannan, kuma duk mai naƙasa ne yake samu?

Ba kowa ba. Kuɗin ma ba iri ɗaya ba ne, kuma da yawa suna ɓata watanni saboda sun ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasu ba. Akwai wanda inshora ne: ka yi aiki shekaru ana yankar wani abu daga albashinka, lalura ta tsayar da kai, sai a biya ka. Haka tsarin SSDI na Amurka yake tun 1956. Akwai na masu ƙaramin ƙarfi, inda ake leƙa aljihunka kafin a leƙa jikinka. SSI na Amurka da aka fara biya a 1974 irin wannan ne, kuma mutum ɗaya ba zai samu ba idan dukiyar da ake ƙirgawa ta wuce dala 2,000, adadin da bai motsa ba tun 1989. Tallafin naƙasa na SASSA, hukumar biyan tallafin jama'a a Afirka ta Kudu, shi ma yana duba samu, kuma na 'yan shekara 18 zuwa 59 ne. Na uku shi ne na ƙarin ɗawainiyar da naƙasa take jawowa, kamar PIP da aka fara a Ingila a 2013. Shi wannan ba ruwansa da albashinka ko ajiyarka, kana aiki ma za ka iya karɓa.

Likita ya riga ya rubuta sunan ciwona. To me kuma za a tantance?

Nan ne mafi yawan mutane suke tuntuɓe. Takardar likita tana faɗin abin da yake damunka. Hukuma kuma abin da take son sani shi ne me ciwon ya hana ka yi. A ce mutum biyu duk sun yi shanyewar ɓarin jiki. Ɗaya ya warware har yana tuƙi, ɗayan kuma maɓallin riga ɗaya yakan ɗauke shi minti biyar, hannun yana rawa, daga ƙarshe sai matarsa ta ɓalla masa. Sunan ciwonsu ɗaya, amma a wurin mai tantancewa ba su haɗu ba.

A tsarin PIP na Ingila an raba rayuwar yau da kullum gida goma, irin su girki, cin abinci, wanka, shiga bayi, sa tufafi, shan magani, magana, karatu, hulɗa da mutane da sarrafa kuɗi, sannan gida biyu na zirga-zirga. Kowane gida da makinsa. Mai buƙatar a taya shi sa tufafin ƙasa maki 2 yake samu, na sama maki 4, wanda ba ya iya sa komai da kansa maki 8. Idan jimilla ta kai 8 a ɓangare ɗaya, na rayuwar yau da kullum ko na zirga-zirga, an shiga ƙaramin matakin biya, idan ta kai 12, babban mataki. Wanda tafiyarsa ba ta wuce mita 20 yana samun maki 12 a zirga-zirga kai tsaye.

Amurka kuma ta ɗaura komai a kan aiki. Tambayoyi biyar ake bi ɗaya bayan ɗaya: kana aikin da yake kawo kuɗi mai kauri yanzu? Lalurar mai tsanani ce? Tana cikin jerin cututtukan da hukuma ta tsara, ko ta yi daidai da su? Za ka iya komawa aikinka na da? In ba za ka iya ba, akwai wani aikin da za ka iya idan aka dubi shekarunka da iliminka da abin da ka saba yi? Ƙari ga haka, dole lalurar ta kasance ta kai wata 12, ko ana sa ran za ta kai, ko kuma ta ajali ce. A ganina tambaya ta biyar ce ta fi zafi, domin mutum yana iya rasa sana'ar da ya yi shekara ashirin a kanta, a ce masa ai zai iya zama a kujera yana amsa waya.

Yaya ya kamata a cika fom ɗin?

Da gaskiya, amma gaskiya cikakkiya. Bakinmu ya saba da "da sauƙi" ko da mutum bai runtsa ba daren jiya, kuma wanda ya daɗe da lalura yakan manta cewa dabarun da yake yi ba kowa ne yake yinsu ba. Ka tambaye shi ko yana wanka da kansa, sai ya ce ƙwarai. Sai ka matsa za ka ji cewa a zaune yake yi, ƙofa a buɗe saboda tsoron faɗuwa, bayansa ba ya cuɗuwa, kuma in ya fito sai ya kwanta awa guda kafin ya iya sa riga. Duk wannan shi ne amsar. "Ƙwarai" ɗin nan sifili za ta jawo masa.

Dokar PIP ta fayyace wannan da kyau, kuma ma'aunin yana da amfani ko a ina mutum yake nema. Ba a ɗauka ka iya abu sai in kana yinsa ba tare da haɗari ba, kana yinsa yadda ya kamata, kana iya maimaitawa duk lokacin da buƙata ta taso, kuma bai ɗauke ka fiye da ninki biyu na lokacin mai lafiya ba. Saboda haka a kowace tambaya ka kawo misali na zahiri: yaushe abin ya faru, me ya biyo baya, wa ya taimaka. "Na ƙone hannu da ruwan zafi a watan jiya saboda yatsuna sun saki tukunya" ya fi shafi guda na "ina shan wahala".

Ƙarin gishiri kuma illa ne. Mai tantancewa yana gwama fom da takardun asibiti da abin da ya gani, kuma in ya kama saɓani a wuri ɗaya, sauran maganarka ta yi rauni. Kafin ka aika, ka ɗauki hoton kowane shafi. A Ingila wata guda ake bayarwa a mayar da fom, in ba zai isa ba a buga waya a nemi ƙari tun kafin ranar ta wuce.

Ciwona zuwa yake ya tafi. Wace rana zan bayyana, mai kyau ko marar kyau?

Duka biyun, da lissafi. Mai farfaɗiya, mai amosanin jini, mai ciwon damuwa, duk suna da ranakun da in ka gan su sai ka rantse lafiyarsu ƙalau. A tsarin PIP ana duba ko matsalar tana samunka fiye da rabin ranakun shekara. Don haka littafin rubutu na sati biyu ko uku yana da daraja: Litinin na kasa tashi sai azahar, Talata na fita amma na dawo da jiri, Laraba ban ci abinci ba sai da ƙanwata ta zo. Irin wannan rubutu ya fi ƙwaƙwalwa riƙo, musamman ranar da aka zaunar da kai ana jero maka tambayoyi.

Me ke faruwa ranar tantancewa?

Ana iya yi ido da ido, ko ta waya, ko ta bidiyo, wani lokaci ma takardu kaɗai ake dubawa. A Ingila mai tantancewar ba lallai likita ba ne, yana iya zama nas ko mai gashin ƙashi ko ma'aikacin motar asibiti. Kuma ba shi yake yanke hukunci ba. Rahoto yake rubutawa, wani jami'i a Ma'aikatar Ayyuka da Fansho wanda bai taɓa ganinka ba shi ne zai yanke. A Amurka ma ofishin tantancewa na jiha ne yake tattara bayanan asibiti, in ba su isa ba ya tura ka wurin likitan da hukuma za ta biya.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne cewa tantancewar ta fara tun kafin a yi tambayar farko. Yadda ka taso daga kujerar jira, yadda ka zaro takarda daga jaka, ko ka tuna sunayen magungunanka, duk suna iya shiga rahoto. Tambayoyin hira ma ba hira ba ce. "Yaya ka zo nan?" tambaya ce a kan zirga-zirga. In ka ce "a mota" ka yi shiru, ka bar masa ya cike gurbin da kansa. Ka faɗa masa wa ya tuƙo, a ina aka sauke ka, sau nawa ka tsaya kafin ƙofa. In aka ce ka sunkuya ko ka ɗaga hannu kuma ka san zai yi maka ciwo, ka faɗa, ba dole ba ne ka nuna jarumta. Ka tafi da wanda yake ganin halin da kake ciki kullum, domin shi zai tuna abin da kunya ta sa ka tsallake.

Me ya sa jiran yake da tsawo haka?

Wani ɓangaren doka ce ta kawo shi. A Ingila sai lalurar ta yi wata 3 tana damunka kuma ana sa ran za ta ƙara wata 9. A Amurka ko an amince da kai, SSDI ba ya biyan watanni biyar na farkon naƙasa, inshorar lafiya ta Medicare kuma sai bayan wata 24 da fara cancanta. Sauran jinkirin na layi ne: masu nema sun fi ma'aikata yawa, asibiti bai aiko da fayil ba, an aika wasiƙa tsohon adireshi. Watanni ne ake magana, in an kai ga ɗaukaka ƙara kuwa shekara tana iya zagayowa.

Akwai ɗan abin da yake sanyaya rai. Idan aka amince, ana biyan ariyas. PIP yana komawa ranar da ka fara nema, SSDI kuma yana iya komawa baya har wata 12 kafin ranar nema. Wannan ne dalilin da ya sa bai kamata mutum ya zauna jiran takardu su cika kafin ya buɗe fayil ba. Ranar farko ita ake ƙirgawa, hujjoji suna iya biyo baya.

To a lokacin jiran me mutum zai yi?

Kada ya daina zuwa asibiti. Giɓin wata shida a katinka ana iya karanta shi a matsayin ka warke, alhali ƙila kuɗin mota ne ya gagara. Duk sabon gwaji ko canjin magani ka aika kwafi. Duk wayar da ka buga ka rubuta rana da abin da aka ce maka. In ka sauya gida ko lambar waya ka sanar nan take, domin rasa ranar tantancewa ba tare da uzuri ba yana iya rufe fayil gaba ɗaya.

Sai kuma abin da ba ya cikin kowane fom. Mutum ya kwashe shekaru yana koya wa kansa kallon abin da ya iya, sai a ba shi shafuka a ce ya lissafa duk abin da ya kasa, har da na bayan gida. Bayan haka ya zauna yana tsinkewar zuciya duk lokacin da wasiƙa ta shigo. Wannan yana taɓa mutum, kuma in barci ya ƙaurace ko damuwa ta yi yawa, a faɗa wa likita. Lafiyarka ce, kuma shi ma yana shiga fayil.

Akwai wanda ba ya bin wannan layi?

Akwai. A Ingila wanda likita ya ce mai yiwuwa bai wuce wata 12 a duniya ba, ana gaggauta nasa ba tare da zaman tantancewa ba. Amurka ma tana da jerin cututtuka masu tsanani da ake hanzarta wa hukunci.

An ƙi ni. Shi ke nan?

Ina! A Amurka fiye da rabin masu nema ana ƙin su a zagayen farko, kuma a Ingila fiye da rabin ƙararrakin PIP da suke kaiwa gaban kotun sauraron ƙorafi mai nema ne yake yin nasara. Abin da yake kayar da mutane shi ne wa'adi. Ingila wata guda take bayarwa a nemi ma'aikatar ta sake duba hukuncinta, sai an bi ta nan kafin a je kotu. Amurka kwana 60 a kowane mataki, matakan kuma huɗu ne: sake dubawa, zama gaban alƙali, majalisar ɗaukaka ƙara, sai kotun tarayya. Afirka ta Kudu kwana 90.

Kuskuren da aka fi yi shi ne fushi a yar da wasiƙar, bayan watanni a sake sabon nema. Yin haka yakan zubar da ariyas ɗin da aka tara. Gara ka nemi kwafin rahoton mai tantancewa ka bi shi layi-layi. Inda ya rubuta ka yi tafiyar mita 50 ba matsala, ka nuna cewa ka tsaya sau biyu kana dafe da bango, ka haɗa da wasiƙar likita ko ta mai jinyarka. Zagi da "an zalunce ni" ba sa ƙara maki ko ɗaya. Ƙungiyoyin masu naƙasa da cibiyoyin ba da shawara kyauta sun san waɗannan fom ciki da bai. Lauyoyin wannan fanni a Amurka kuma yawanci sai an yi nasara ake biyansu, daga cikin ariyas, kashi 25 cikin ɗari da iyakar da hukuma ta sa.

Idan aka amince, an gama ke nan har abada?

Da wuya. SASSA tana ba da na wucin gadi na wata 6 zuwa 12, kuma wanda ta kira na dindindin ma ana iya sake dubawa. PIP galibi da wa'adi yake zuwa, Amurka ma takan waiwayi fayil lokaci-lokaci ta ga ko an samu sauƙi. In lalurar ta ƙaru ko ta ragu, ko ka koma aiki a tsarin da yake duba samu, kai ne za ka sanar, in ba haka ba wata rana a ce ka dawo da abin da aka biya ka fiye da ƙima. Kwafin fom ɗin farko da littafin nan na ranaku, a ajiye su wuri ɗaya da wasiƙar amincewa, domin ranar sabuntawa tambayoyin nan dai za a sake yi maka.