Tsare waɗanda ake zargi da ta'addanci a Bauchi da Gombe

Tsare wanda ake zargi da ta'addanci shi ne riƙe mutum a hannun jami'an tsaro kafin kotu ta yanke masa hukunci, bisa zargin alaƙa da ƙungiyar masu tayar da ƙayar baya. A Bauchi da Gombe batun ya ɗauri wurare biyu: gidan yarin Bauchi da sansanin Malam Sidi.

A Bauchi rikicin Boko Haram ya ɓarke ranar 26 ga Yulin 2009, da hari kan ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi. An kama mutane da yawa aka tura su jiran shari'a. Ranar 7 ga Satumban 2010, gab da ƙarshen azumi, 'yan bindiga suka fasa gidan yarin garin, fursunoni 721 suka tsere, sama da 100 daga cikinsu waɗanda ake zargin 'yan ƙungiyar ne. Masu ra'ayin tsaurarawa sun ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa gidan yari na gama-gari ba wurin ajiye irin waɗannan mutane ba ne. Lauyoyi kuwa na kallon wata fuskar: mutanen sun haura shekara a tsare, shari'arsu ba ta ƙare ba.

Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Sashe na 36 ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2011, wadda aka gyara a 2013, ta bai wa kotu ikon amincewa da tsare mutum har kwana 90. Dokar 2022 ta mayar da shi kwana 60. Sai dai ana iya sabunta wa'adin, kuma ana neman umarnin ne ba tare da wanda ake zargi yana zaune a kotun ba. A nan gizo ke saƙar, domin wa'adin da ake sabuntawa ba ya da ƙarshe a zahiri. Abin lura kuma, dokar ta-ɓacin Mayun 2013 ta shafi Borno, Yobe da Adamawa ne kawai, ban da Bauchi da Gombe.

Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'ar ta'addanci. A zaman farko na shari'ar waɗanda ake zargin 'yan Boko Haram ne da aka yi a barikin soja na Kainji, jihar Neja, a Oktoban 2017, an ɗaure mutum 45, aka sallami 468.

Malam Sidi, a ƙaramar hukumar Kwami ta jihar Gombe, shi ne sansanin Operation Safe Corridor, shirin sauya tunanin mayaƙan da suka miƙa wuya, wanda Hedikwatar Tsaro ta ƙaddamar a 2016. Mutane na kiran mazauna wurin "tubabbun 'yan Boko Haram". An tsara su yi kimanin wata shida suna karɓar wa'azi, nasihar masana halayyar ɗan Adam da koyon sana'a irin su ɗinki, aski da walda, sannan su yi rantsuwar biyayya ga ƙasa, a miƙa su ga gwamnatocin jihohinsu.

Matsayinsu a shari'a shi ne mai wuyar fayyacewa. Ba fursunoni ba ne da alƙali ya ɗaure a can, amma kuma ba sa fita idan sun ga dama. Ƙungiyar International Crisis Group, mai nazarin rikice-rikice a duniya, ta bayyana a 2021 cewa da yawa cikin waɗanda suka bi ta sansanin fararen hula ne da suka gudo daga yankunan da mayaƙa ke riƙe da su, aka tsare su a wurare irin barikin Giwa na Maiduguri kafin a kawo su Gombe. Manomin da bai taɓa riƙe bindiga ba sai ya koma gida da sunan tubabbe, sunan da ba ya wankuwa da sauƙi. Su kuma waɗanda aka kashe wa iyaye da 'ya'ya, har yanzu wasunsu na sansanonin gudun hijira, suna tambayar dalilin da ya sa wanda ya ɗauki makami zai fito da sana'a da jari ba tare da ya tsaya gaban alƙali ba.