Sif ya ƙi rufuwa, yaro yana ramewa

Yaran da ake kawo mana awo a 'yan watannin nan suna tayar mini da hankali, kuma da yawansu ba 'ya'yan marasa hali ba ne. Za a shigo da yaro tsaf, riga sabuwa, takalmi sabo, har hula ta dace da riga. Sai na naɗe hannun rigar na zagaya masa ma'aunin dantse, in ga ya tsaya a kan ruwan ɗorawa, wani ma a kan ja. Ja na nufin kaurin dantsen bai kai santimita 11.5 ba, kuma ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 wannan tamowa ce mai tsanani. In na tambayi uwa me ya ci jiya, sai ta lissafo: shinkafa da mai da safe, biskit da lemon kwalba da rana, da dare ragowar shinkafar. Ƙwai fa? Wake fa? "Ai kin san halin da ake ciki."

Na sani, wallahi na sani. Amma idan muka fita zagayen gidaje muna bibiyar yaran nan, a ɗakin da aka ce babu kuɗin ƙwai nake ganin sif ya ƙi rufuwa, akwati kan akwati, wani kayan ko ledarsa ba a cire ba. Abin da nake yi wa mutane faɗa a kansa ke nan: rage kuɗin cefane don a ƙara tufafi. Haba 'yan uwana mata! Rigar da aka sa sau ɗaya aka ɗauki hoto aka ninke, da kuɗin abincin wa aka saye ta? Ku ma magidanta ban cire ku ba. Mutum ya ba da cefanen da ya san ba zai kai ba, gobe ya shigo da sabon takalmi na biyar, wai don kada a raina shi a wurin aiki.

Kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, su ne lokacin da jiki da ƙwaƙwalwa suke ginuwa, kuma abin da aka rasa a nan da wuya a cike shi daga baya. Alƙaluman UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya sun nuna yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin miliyan 148 ne suka tsumbure a shekarar 2022. Yaro zai fi ƙarfin rigar bana kafin baɗi, amma tsumburewar tana iya bin sa har girma.

Abinci mai gina jiki ba sai mai tsada ba. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa 23, abin da ake nema shi ne ya samu aƙalla rukuni 5 cikin rukunan abinci 8 a rana, kuma nonon uwa ma rukuni ne guda. Ki haɗa hatsi da wake ko gyaɗa, ki sa ganye, ki ba shi ƙwai ɗaya ko ɗan kifi, idan aka haɗa da nono kin cika biyar. Ina tsadar take? Kuɗin da ke tafiya a biskit da alewa da lemon kwalba cikin mako zai sayi ƙwai masu yawa, ga shi kayan zaƙin nan toshe wa yaro ciki suke yi ya ƙi cin abincin kirki. Na gaji da ganin lemon kwalba a hannun yaron da bai iya tafiya ba.

Ga kuma almubazzaranci. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa an zubar da abinci fiye da tan biliyan 1 a 2022, kusan kashi 60 cikin 100 daga gidaje. A dafa fiye da kima, a bar shi a buɗe ya lalace, a zubar, sannan a ce kuɗi ba sa auki.

Shi kansa sif ɗin da aka cusa wa kaya ba lafiya ba ce. Ƙura, fumfuna, kyankyasai, ɓeraye, duk can suke samun mafaka, yaro mai asma kuwa a ɗakin yake kwana yana tari. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kafur da ake watsawa cikin kaya, har cikin kayan jarirai. Akwai jariran da aka haifa da wani rauni a jini wanda iyaye ba su sani ba, kafur yana fasa musu ƙwayoyin jini ya jefa su cikin ciwon shawara mai tsanani. Yara masu rarrafe kuma suna ɗauka alewa ce. Don Allah a raba kafur da kayan yara.

Ba na ce kada ku yi ado ba, ni ma ina son in fito fes. Amma ki ware yini guda, ki fito da komai ki zube a kan gado. Duk abin da shekara ta zagayo ba ki sa ba, ki daina yaudarar kanki da "zan sa wata rana". Ki raba kashi uku: na sawa, na sayarwa, na kyauta. Kuɗin da aka samu daga na sayarwa kada ya koma shagon tufafi, nan ne ake kuskurewa. Ya tafi cefane.

Sauran a taƙaice:

- A fara cire kuɗin abinci ranar da kuɗi suka shigo, kafin komai.
- A sayi hatsi, wake da gyaɗa da ɗan yawa, a adana a busasshen wuri cikin mazubi mai murfi.
- A sayi ganye da 'ya'yan itatuwan da ake yayinsu, sun fi araha.
- A rubuta abin da za a saya kafin a fita.
- Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba a sanyaya ba, in za a ci a ɗumama shi ya yi zafi sosai.
- Nonon uwa zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2.
- Kayan da babba ya fi ƙarfinsu, a wanke a shanya a rana a ba ƙanensa.
- Babu sabuwar riga sai wata ta fita daga sif.

Idan kuma kin ga yaro yana ramewa, ya daina son abinci, gashinsa ya yi laushi ya canza launi, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura har in an danna wurin ya loɓa, kada ki jira ranar awo, ki kawo shi asibiti a ranar.