Me Ake Nufi da Sake Sarrafa Robobi?

Kalmar "sake sarrafawa" ta yawaita a bakin jami'an tsaftar muhalli da 'yan jarida, har ta kai wasu suna ɗora ta a kan duk abin da aka yi da gorar roba bayan an shanye abin da ke cikinta. Ma'anarta ba ta kai haka faɗi ba. Wanda ya wanke gora ya sake zuba ruwa a ciki, sake amfani ya yi da ita, domin gorar tana nan yadda aka ƙera ta. Sake sarrafawa kuwa shi ne a tattara robobin, a ware su, a niƙa, a wanke, a narkar, har su koma ɗanyen kayan da masana'anta za ta ƙera sabon abu da shi.

Yawancin gorunan ruwa da na lemo ana yin su ne da nau'in robar da ake kira PET, wadda ake gane ta da lamba 1 a cikin 'yar alamar nan mai kusurwa uku da ke gindin gora. Masana'antun roba na Amurka ne suka fito da waɗannan lambobi a 1988, kuma aikinsu shi ne bayyana nau'in robar kawai. Mutane da yawa suna ɗaukar alamar tamkar alkawari ce cewa za a sake sarrafa gorar, alhali ba ta ce komai a kan haka ba. Rahoton da OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin gwiwar tattalin arziki da ci gaba, ta fitar a 2022 ya nuna cewa kashi 9 cikin ɗari ne kawai na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa, sauran kuwa ana binnewa, ko a ƙona, ko su watsu a bola da magudanan ruwa da koguna.

Gora ɗaya ma ba roba iri ɗaya ba ce, domin murfinta na wani nau'in ne daban. Dabarar raba su tana da sauƙi da ban sha'awa: idan aka niƙa su aka zuba a ruwa, ɓarɓashin gorar yana nutsewa saboda nauyinsa, na murfin kuma ya taso sama a kwashe. Gora garau marar launi ta fi daraja, wadda aka zuba wa mai ko sinadari kuma tana iya ɓata damin robobi guda. Abin da ya fito mai tsabta yana iya komawa sabuwar gora, amma kaso mai yawa zaren tufafi da na darduma ake yi da shi, kuma da wuya wannan zare ya sake dawowa gora.

Duk wannan aiki na injina ba ya farawa sai gorar ta iso masana'anta, kuma a nan ne shirye-shiryen al'umma suke shigowa. Abin da ake nufi da su shi ne mazauna unguwa, ko makaranta, ko ƙungiyar masu tsintar kaya a bola, su tsara yadda za a ware robobi tun daga gida kafin su cakuɗu da sauran shara, a kai su wata matattara, a auna a sikeli, a biya wanda ya kawo. A Indonesiya akwai abin da suke kira bankin shara, inda ake rubuta wa mutum kuɗin abin da ya kawo a littafi kamar mai ajiya a banki. A birnin Surabaya na ƙasar an fara karɓar gorunan roba a madadin kuɗin shiga bas a 2018. A Pune ta Indiya kuwa, ƙungiyar SWaCH ta masu tsintar shara ce take bi gida-gida bisa yarjejeniya da hukumar birnin. A ganina wannan tsari na Pune ya fi sauran ma'ana, domin ya gina aikin a kan mutanen da dama can suke yin sa, maimakon a kawo wasu su ture su gefe.

Akwai kuma tsarin jingina, wanda doka ce take kafa shi. Mai saye yana biyan ɗan ƙari a kan kowace gora, a mayar masa idan ya dawo da ita. Jihar Oregon ta Amurka ta yi irin wannan doka a 1971, Jamus kuma ta faɗaɗa nata zuwa gorunan da ake amfani da su sau ɗaya a 2003, inda jinginar take senti 25 na kuɗin Yuro, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na gorunan suna dawowa. Tarayyar Turai ta ɗora wa ƙasashenta tattara kashi 90 cikin ɗari na irin waɗannan gorunan roba nan da 2029.

Raunin shirye-shiryen unguwa yana wajen lissafi. Gora ba ta da nauyi amma tana cin wuri, sai an tara gommai kafin a cika kilo ɗaya, saboda haka matattarar da ba ta da injin matse robobi su zama dami tana biyan kuɗin mota ne don ɗaukar iska. Ga shi kuma daga man fetur ake samun sabuwar roba, don haka duk lokacin da mai ya yi araha sai masana'antu su juya wa tsohuwar baya, farashinta ya faɗi, masu tattarawa su ja jiki. An ga irin wannan girgiza a 2018, lokacin da Sin ta hana shigo da sharar roba daga waje, damman robobi suka yi ta taruwa a matattarun Turai da Amurka babu mai saye.