Masu tambayar ƙaramin gida a kan ruwa, ga amsa, don Allah a karanta kafin a sake tambaya

Kullum tambayoyin nan ne dai ake ta maimaita min tunda aka ji ina haɗa kwale-kwale mai ɗaki, to ga su a wuri ɗaya.

Wai a Zariya akwai ruwan da za a sa shi?

Akwai. Kogin Galma da dam ɗinsa. Na Kubanni kuma na Jami'ar Ahmadu Bello ne, kar ka je ka jefa abu ba izini. Ko a Galma ma ka fara gaida sarkin ruwa da masuntan wurin, su suka san inda ke da zurfi.

Da me zan yi ƙasan?

Duron roba mai shuɗi, mai lita 200. Na ƙarfe tsatsa zai ci shi. Ka wanke shi tas in an taɓa zuba sinadari a ciki, ka ɗaure murfin gam.

Zan iya kunna janareto ko kurfoti a cikin ɗakin?

A'a! Haba jama'a, hayaƙin nan akwai iskar guba a cikinsa da ba wari gare ta ba kuma tana kashe mutum yana barci. Sola ɗaya da batir mai bolt 12 sun ishe ka fitila da cajin waya, girki kuma a waje.

Duro nawa zan saya?

Yauwa, nan ne aikin yake, kuma ba zan ba ka lamba ɗaya ka je ka ce ni na ce ba. Duro mai lita 200 yana ɗaukar kusan kilo 200 kafin ya nutse gaba ɗaya, amma kai rabi za ka lissafa, wato kilo 100, saboda ana so rabinsa ya zauna a saman ruwa. A misali katako da rufi kilo 400, mutum uku kilo 210, batir da ruwan sha da tarkace kilo 150, ya zama 760, duro takwas kenan a takarda, ni dai goma zan sa, don katako in ya jiƙe nauyinsa ƙaruwa yake kuma wallahi ba wanda ke tafiya da iya kayan da ya lissafa. Duk da haka yawan duro ba shi ke hana kifewa ba, faɗi ne. Ka jera su layi biyu nesa da juna, kaya masu nauyi a ƙasa a tsakiya, ɗakin kuma gajere, in ka yi dogon bango iskar hadari za ta tura ka kamar leda. Ya danganta da irin katakon da kafinta ya samo maka da yadda aka ɗaure, shi ya sa nake cewa ka gwada a bakin gaɓa da buhunan yashi kafin ɗan Adam ya taka. In ya karkata kar hankalinka ya tashi, gyara ake yi, matsar da kaya ko ƙara duro a gefen.

Ƙusa ko noti?

Noti. Ƙusa zarewa take.

Na iya iyo, dole sai na sa rigar ruwa mai hana nutsewa?

Dole. Wanda ya ji abin da ya faru a Bagwai a 2021, kwale-kwale ya kife da yara saboda lodi, bai kamata ya yi wannan tambayar ba. Kowa da tasa, yaro da daidai jikinsa.

Rufi fa?

Tamfol ya fi kwano sauƙin nauyi, ka sa gidan sauro.

Yaushe zan fara sa shi a ruwa?

Ban da Agusta da Satumba, ruwa a cike yake yana gudu. Bari sai rani, da rana, kuma da mutum a bakin gaɓa riƙe da igiya.