Yadda gyaran ruwan sha ya kori kurkunu: tambayoyi da amsoshi

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF na shekarar 2022 sun nuna cewa mutum biliyan 2.2 ba su da ruwan sha mai aminci a inda suke zaune, kuma miliyan 115 daga cikinsu kai tsaye suke ɗiba daga tafki ko kogi. Yaƙin da aka yi da kurkunu yana nuna abin da gyaran ruwa kan iya yi a ƙasashe matalauta, da kuma inda ƙoƙarin kan tsaya.

Mece ce alaƙar kurkunu da ruwan sha?

Ta hanyar ruwan sha cutar take shiga jiki. A ruwan da ba ya gudu, kamar tafki da kududdufi, akwai wasu ƙananan ƙwari da ido bai cika gani ba, su ne ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar kurkunu. Wanda ya sha ruwan ba ya jin komai har kusan shekara guda, sannan wani ƙurji mai zafi ya fito, galibi a ƙafa, tsutsar da tsawonta kan kai mita ɗaya ta fara leƙowa. Raɗaɗin ne ke sa mai ciwon ya tsoma ƙafarsa a tafki don ya ji sanyi, a nan kuma tsutsar take zuba dubban 'ya'yanta a ruwan da gari duka ke sha. A ƙasashen Sahel da damina ciwon ya fi fitowa, daidai lokacin noma, sai magidanci ya kwanta makonni ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, gonarsa kuwa ciyawa ta cinye.

Mutum nawa cutar ke kamawa a da?

A 1986, shekarar da Cibiyar Carter, ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, ta shiga aikin yaƙi da cutar, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa duk shekara a Afirka da Asiya. Binciken farko da aka yi ƙauye-ƙauye a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980 ya gano sama da mutum 650,000.

Tunda babu magani kuma babu rigakafi, da me aka yaƙe ta?

Da ƙyalle da kuma mutanen gari. An raba wa gidaje mataci na yadi mai ƙananan idanu, a ɗaura a bakin randa ko tulu a tace ruwa kafin a sha, an kuma bai wa makiyaya da manoma wani ɗan bututu mai mataci da suke ratayawa a wuya, su zuƙi ruwa da shi idan ƙishirwa ta kama su a daji. Ana zuba maganin Abate a tafkuna don kashe ƙwarin, sannan a kowane ƙauye aka zaɓi ɗan sa-kai wanda ke kai rahoton duk wanda ya kamu, ya wanke masa ciwon, ya kuma hana shi shiga tafki. Shawo kan jama'a ya fi raba mataci wuya, shi ya sa aka nemi dattawan da ake jin maganarsu, kamar Janar Yakubu Gowon a Najeriya da tsohon shugaban ƙasa Amadou Toumani Touré a Mali, suka riƙa bin ƙauyuka suna kuma matsa wa hukumomi su samar da rijiyoyi. A 2008 Najeriya da Nijar suka ga mutanen ƙarshe da suka kamu da cutar a cikin ƙasashensu, aka ba su shaidar rabuwa da ita a 2013, Ghana kuma a 2015.

Me ya sa ba a haƙa rijiyoyin burtsatse ko'ina an huta ba?

An haƙa da yawa, kuma sun taimaka ƙwarai, sai dai haƙawa ita ce ɓangare mafi sauƙi. Famfon tuƙa-tuƙa yana lalacewa, kuma idan babu makaniki kusa, babu kayan gyara, babu kuɗin da aka tara domin haka, cikin mako guda mata da yara sun koma tafki. Abin da ya faru a Savelugu da ke arewacin Ghana ke nan: ruwan famfo da ke zuwa daga Tamale ya tsaya a 2006, mutane suka koma sayen ruwan madatsa wurin 'yan ga-ruwa, shekara na zagayowa kurkunu ya ɓarke a garin. A ganina, duk hukumar da ta ƙaddamar da rijiya ba tare da ta tanadi wanda zai gyara ta ba, rabin aiki ta yi.

Akwai kuma batun gwajin ruwan. A Tibiri ta jihar Maradi, ruwan wata rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuloraid ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara kafin a gane musabbabin. A Bangaladash ma, rijiyoyin da aka haƙa tun shekarun 1970 don a raba jama'a da gudawa sun shayar da miliyoyin mutane gubar arsenik.

Shin tace ruwa da ƙyalle ya wadatar?

Ga kurkunu ya wadatar, amma ƙwayoyin taifot da na sauran cututtukan gudawa suna ratsa ƙyalle, don haka sai an tafasa ruwan ko an sa masa kulorin. Alif yana kwantar da laka ne kawai. Ruwan da ya fito da tsabta daga famfo ma yana iya gurɓata a jarka mai datti, ko a randar da kowa ke tsoma moɗa da hannunsa a ciki.

A ina cutar ta rage yanzu?

Mutum 14 kacal aka samu a duniya a 2023, mafi yawansu a Chadi. Abin da ya jinkirta aikin shi ne gano tsutsar a jikin karnuka a gaɓar kogin Chari tun daga 2012, kuma ana kyautata zaton daga kayan cikin kifi da masunta ke zubarwa suke ɗauka. Saboda haka yanzu ana ɗaure karnuka a ƙauyukan da abin ya shafa, ana binne kayan cikin kifi, ana kuma ba da ladan kuɗi ga duk wanda ya kai rahoton mutum ko dabba mai ɗauke da ita.