Idan Ruwa Ya Shiga Ma'aikatarku Cikin Dare, Wa Zai Ci Gaba da Aiki?

Ni ma'aikacin lafiya ne a matakin farko, kuma yawancin shekarun aikina na yi su ne a garuruwan bakin fadama a Jihar Kebbi, inda kowa ya san cewa daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba gulbi ba shi da alƙawari. Kiran nan nawa ga shugabannin ƙananan asibitoci ne, da masu shagunan magani, da shugabannin makarantu, da ƙungiyoyin manoman shinkafa, da duk wanda jama'a suka rataya wata bukatarsu a wuyansa. Idan aka wayi gari ginin da kuke aiki a ciki ba ya shiguwa, wane aiki ne tilas ya ci gaba, wa zai yi shi, kuma a ina?

A daminar 2020, wadda ambaliya ta cinye gonakin shinkafa tun daga Augie da Argungu har zuwa Bagudo da Yauri, ruwa ya shigo wani ƙaramin asibiti da nake aiki cikin dare. Bai kai gwiwa ba, ginin bai faɗi ba, ba a kuma rasa rai ba, alhamdu lillahi. Amma rijistocin awon ciki da na rigakafin yara suna kan kanta ta ƙasa, mabuɗin ɗakin ajiya kuwa yana aljihun wani abokin aikinmu da ya tafi Birnin Kebbi. Kafin mu ɓalle ƙofa da safe, takardun sun manne da juna, tawada ta narke. Kwana uku muka yi muna shanya su a kan tabarmi, muna ɓamɓare su shafi-shafi da tsinken tsintsiya. A rana ta biyu wata mata ta zo da jariri a goye, nata katin ya tafi da ruwa tare da ɗakinta, ta ce, "Malam, allura nawa ta rage masa?" Ban sami abin da zan gaya mata ba. Har yau wannan tambayar tana damuna, domin ba ruwan ne ya hana ni amsa ba, rashin shirinmu ne.

Ba za mu ce ba a gargaɗe mu ba. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar sa ido kan ruwa ta ƙasa, NIHSA, kuma tana fitar da nata na ambaliya, har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Dattawanmu ba su manta da 2010 ba, shekarar da ruwan madatsar Goronyo ya mamaye garuruwa a Sakkwato da Kebbi. Abin da ya rage mana shi ne mu mayar da gargaɗin ya zama rabon aiki tsakanin mutanen da aka sani da sunayensu. Wasu kan ce komai na Allah ne, kuma gaskiya ne, amma wanda ya koya mana tawakkali shi ne ya ce a ɗaure raƙumi tukuna.

Shirin ba ya bukatar kwamfuta ko ƙwararre daga Abuja. A tara ma'aikata duka, har da mai gadi da mai shara, a lissafa ayyukan da ake yi, sannan a yi wa kowane aiki tambaya: awa nawa zai iya tsayawa kafin wani ya cutu? Naƙuda ba ta jiran awa ɗaya. Rahoton wata zai iya jiran mako guda ba tare da kowa ya mutu ba. A ƙungiyar manoma, taron wata zai iya jira, amma irin shuka da takin da ke sito ba za su jira ruwa ya janye ba, haka ma littafin bashin da ya nuna wa ya karɓi buhu nawa. Idan an jera ayyukan a haka, za a ga cewa waɗanda ba sa jira ba su wuce uku ko huɗu ba, kuma a kansu ya kamata ɗan abin da ake da shi ya ƙare.

A wurinmu ma'aikatan lafiya, babu abin da ya kai magungunan rigakafi saurin lalacewa. Dole su zauna tsakanin ma'aunin sanyi 2 zuwa 8, haka ma allurar oksitosin da ake tsayar da zubar jini da ita bayan haihuwa. Firjin sola ya rage mana wahalar wutar lantarki, amma bai san ambaliya ba, don haka a ɗora shi a kan dakali mai tsayi. A yi magana tun da rani da wani asibitin da ke kan tudu wanda zai karɓi kayanmu, a san mai babur ko mai kwalekwalen da zai kai su, a kuma san wanda zai biya shi. Wajen kwashewa ne ake yawan yin kuskure, domin ruɗewa kan sa a zuba kwalabe kai tsaye a kan ƙanƙarar da ta fito daga firji, alhali rigakafi irin su Penta da na tetanus daskarewa ce take kashe su. A bar ƙanƙarar ta ɗan narke har a ji motsin ruwa idan an girgiza ta, sannan a jera. Bayan an isa, a duba alamar da ke jikin kwalba: idan ɗan murabba'in da ke tsakiya ya yi duhu daidai da da'irar da ta kewaye shi, ko ya fi ta, maganin ya tashi daga aiki.

Sai batun takardu, wanda a ganina shi ne aka fi raina. Gini ana sake shi, magani ana sake kawowa, amma bayanin da ya narke babu kasuwar da ake sayar da shi. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce bayani mai muhimmanci ya kasance kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri dabam. A aikace, ga rijistar takarda a kanta ta sama cikin leda mai kauri, ga hoton sababbin shafuka da ake ɗauka da waya duk ƙarshen mako, ga kwafin hotunan a hannun wani amintacce a garin da ruwa ba ya kaiwa. Wanda yake ɗaukar hoto duk mako, bayanin mako ɗaya kawai zai rasa, wanda kuwa ya bari sai ƙarshen shekara, shekarar ce za ta tafi. Sai dai bayanin majinyaci amana ce, don haka wayar ta kasance a kulle, kuma kada a jefa hotunan cikin zaurukan WhatsApp inda kowa zai gani.

Kada kuma a ce tunda an ɗora komai a intanet an huta. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni babu kira, babu tura kuɗi, babu aika rahoto. A farkon 2023 kuma dukkanmu mun ɗanɗana ƙarancin takardun Naira, lokacin da mai kuɗi a banki ya kasa biyan ɗan acaɓa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A rubuta lambobin waya a takarda, a ajiye ɗan kuɗi a hannu da sanin kwamitin da ke kula da ma'aikatar, a kuma tsayar da wurin haɗuwa da lokaci idan waya ta ƙi shiga.

Duk abin da mutum ɗaya kaɗai ya riƙe, haɗari ne. Mabuɗi, lambar sirrin kwamfuta, sa hannun banki, kowanne ya sami na biyu. A tuna cewa ranar da ruwa ya ci asibiti, ya ci gidajen ma'aikatan ma, kuma ba adalci ba ne a sa ran ungozomar da ɗakinta ya rushe za ta iso da ƙarfe takwas. Mai gari da limamai da kwamitin mazaɓa su san shirin tun da wuri, domin ta bakinsu da na mai shela ne jama'a za su ji cewa an mayar da awon ciki ajin makarantar firamare. Masu shan maganin tarin fuka, wanda galibi ake ɗaukar wata shida ana sha ba fashi, da masu hawan jini da ciwon sukari, a san inda kowannensu yake, a kuma tattauna da masu kula da maganinsu yadda za a ba su isasshen magani kafin hanya ta yanke. Wannan tsarin shi ne dai zai yi amfani idan gobarar hunturu ce ta tashi, ko rashin tsaro ya sa aka rufe wuri, kamar yadda 'yan'uwanmu na ƙasar Zuru suka sani.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka a gwada shirin tun ƙasa tana bushe. Karon farko da muka yi atisaye, mun ce a ɗauka ruwa ya shigo da ƙarfe biyu na dare, kowa ya yi abin da aka rubuta masa. Cikin awa ɗaya muka gano cewa lambobin waya biyu sun daina aiki, murfin akwatin sanyi ba ya rufuwa da kyau, mai kwalekwalen da muka dogara da shi kuma ya koma Yauri da zama. Mun gyara duka kafin ruwan farko ya sauka. Yanzu a makon farko na watan Yuni muke maimaita gwajin kowace shekara, takardar shirin shafi biyu ce manne a bayan ƙofa, mabuɗi na biyu kuma yana hannun ungozomar da gidanta ya fi kusa da asibiti.