Waiwaye: Yadda ganin likitan fata ya koma ta waya

Tun bayan annobar korona ake muhawara a Turai da Amurka kan ko masu ciwon fata sun fi gamsuwa da ganin likita ido da ido, ko kuwa hoto da kiran bidiyo sun wadatar. Wasu suna kafa hujja da sauƙin da aka samu, domin babu kuɗin mota, babu kuma jiran watanni kafin layi ya zo kan mutum. Wasu kuwa cewa suke yi likitan da bai taɓa fatar mutum ba bai duba shi ba. Da yawa sun ɗauka a 2020 duba fata daga nesa ya faro, alhali tushensa ya girmi korona da fiye da shekara 50.

A 1968 babban asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka ya haɗa layin talabijin da ɗakin shan magani na filin jirgin saman Logan, kuma ciwon fata na cikin abin da aka gwada dubawa ta nan. A 1989 asibitin jami'a na Tromso a arewacin Norway ya soma duba majinyatan garin Kirkenes, mai nisan kusan kilomita 800, ta bidiyo. Zuwa shekarun 1990 aikin ya rabu gida biyu: hira kai tsaye, da aika hoto likita ya duba daga baya.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, a wancan zamani majinyaci ba ya zama shi kaɗai. Ƙaramin asibitin garinsu yake zuwa, inda likita ko ma'aikaciyar jinya za ta shafa wurin ta ji ko yana da kauri ko zafi, ta nemi haske mai kyau, ta ɗauki hoto na kusa da na nesa, ta rubuta tarihin ciwon, sannan idan amsa ta dawo ta zauna ta yi masa bayani. Gamsuwar majinyata da binciken wancan zamani ya nuna, a ganina, rabinta ta wannan hannun da ke kusa ce, amma sai aka jingina ta ga na'ura.

Daga ƙarshen shekarun 2000, da wayoyi masu kyamara suka yawaita, wannan mai shiga tsakani ya fara ɓacewa a hankali, ba tare da an tsaya an auna abin da aka rasa ba. Majinyaci ya zama shi ne mai ɗaukar hoto, a ɗaki mai duhu, da hannu ɗaya, wani lokacin ma a gadon bayansa da ba ya gani. Wurin da ya dame shi kaɗai zai nuna, don haka tabon da bai sani ba, wanda likita kan tsinta idan yana duba jiki gaba ɗaya, ya wuce ke nan. Mai baƙar fata ya fi shan wahala, domin jan da kumburi ke yi a farar fata yakan fito a tamu ruwan ƙasa ko shunayya, kuma hoto mara haske yana shafe shi. Ga kuma kunya, domin ba kowa ne zai aika hoton al'aurarsa ta intanet ba. Makero kan buƙaci a kankare fata a duba da madubin likita, tabon da ake zargin ciwon daji ne kuma sai an yanki ɗan nama an gwada.

Da korona ta rufe ƙofofin asibitoci a Maris 2020, wannan sabon salo na majinyaci shi kaɗai da wayarsa aka faɗaɗa dare ɗaya. Shi ya sa ra'ayoyi suka rabu: mai ƙurajen fuska da ke son a sabunta masa magani yakan gamsu, mai sabon tabo da ke tsoratar da shi kuma yakan nemi a gan shi. A Ingila yanzu wasu asibitoci sun mayar da mai shiga tsakanin, inda wanda ake zargin yana da dajin fata ke zuwa cibiya kusa da gida, ƙwararren mai ɗaukar hoto ya ɗauki tabon da gilashin ƙara girma, kafin a tura wa likitan fata.